Wa Ke Tsaye Bayan Maganar? Awon Ra'ayoyin Mutane A Kan Kwamfuta Mai Wa'azi

Ran 9 ga watan Yuni na shekara ta 2023, mutane fiye da 300 suka taru a majami'ar Bulus Mai Tsarki da ke garin Fürth na ƙasar Jamus, a lokacin babban taron Furotesta na ƙasar. An kafa wani babban allon majigi bisa bagade. Siffofin mutum huɗu, maza biyu da mata biyu, suka riƙa bayyana a kan allon ɗaya bayan ɗaya, suna bi da addu'a, suna wa'azi, suna sa wa jama'a albarka, har tsawon minti 40. Ba ko ɗaya a cikinsu da mace ta haifa. Kwamfuta ce ta zana fuskokinsu, kuma manhajar nan da ake kira ChatGPT ita ta shirya kalmomin da suka faɗa. Wanda ya tsara abin, wani matashi masanin tauhidi daga jami'ar Biyana mai suna Jonas Simmerlein, ya ce wajen kashi 98 cikin 100 na sujadar daga na'ura ya fito.

Da aka tashi, bakin mutane bai zama ɗaya ba. Waɗansu suka ce sun yi mamakin yadda maganar ta tafi daidai. Waɗansu suka ce ba su ji zuciya ko rai a cikinta ba. An kuma lura da wani abu ƙarami mai ma'ana: sa'ad da jama'a suka yi dariya a tsakiyar wa'azi, mai wa'azin ya ci gaba da magana kamar ba abin da ya faru, gama ba ya ganinsu, ba ya jinsu.

Wannan al'amari a Turai ya faru, amma wayar salula ta riga ta kai shi har ƙauyukan Maraɗi da Dogonduci, da zangon Kumasi, da unguwannin Garwa. Saurayin da aka ba shi jagorar sujadar Lahadi yana iya neman wa'azi daga wayarsa daren Asabar, ta kuwa ba shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Saboda haka ya kamata a ɗora ra'ayoyin da ake yi game da wannan na'ura a kan ma'auni, a ga wanne ke da nauyi.

Yadda Na'urar Take Aiki

Kafin a yi hukunci, sai an san abin da ake hukuntawa. Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ba sabon tunani ba ne. Tun a shekara ta 1956 waɗansu masana suka taru a kwalejin Dartmouth ta Amurka suka soma aiki a kansa da wannan suna. A 1997 wata kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta ka da Garry Kasparov, gwanin duniya a wasan dara na Turawa. Amma jama'a ba su farga sosai ba sai ran 30 ga Nuwamba 2022, da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, kowa ya iya rubuta mata tambaya ta amsa masa kamar mutum.

Asirinta ba shi da wuyar faɗi. An ɗura mata rubuce-rubucen mutane masu yawan gaske, littattafai da jaridu da abin da aka zuba a intanet, har ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace kalma. In an yi mata tambaya, sai ta riƙa jera kalmomi ɗaya bayan ɗaya bisa ga abin da lissafi ya nuna ya fi dacewa ya biyo baya. Don haka maganarta takan fito sumul, ko gaskiya ce ko ba gaskiya ba. Kuma rubutun Hausa da ta samu kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na Ingilishi ko Faransanci, don haka tuntuɓenta a Hausa ya fi yawa.

Ra'ayin Masu Tsoro

Akwai masu bi da yawa da suka ce wannan na'ura ita ce dabbar nan da aka ambata a Wahayin Yahaya sura 13, ko kuwa hanyar da za a bi a sa wa mutane alamarta. Ba za a raina su ba, domin damuwarsu daga ƙaunar Ubangiji ta fito, kuma gaskiya ne na'ura tana iya zama makamin mai mulkin zalunci wajen leƙen asirin talakawa.

Duk da haka wannan ra'ayi yana da tarihi, tarihin kuwa bai ba shi gaskiya ba. Tun cikin shekarun 1970 aka yi ta yaɗa labarin wata ƙatuwar kwamfuta a birnin Burasel na Beljiyam wadda wai ake kira Dabbar, mai riƙe da sunan kowane ɗan adam. Ba a taɓa gina irin wannan kwamfuta ba. Aka ce zanen layukan nan da ake bugawa a jikin kayan kanti lambar 666 ce a ɓoye. Aka ce daren shiga shekara ta 2000 kwamfutoci za su rikice duniya ta tsaya. Gari ya waye, kowa ya tafi gonarsa. Duk lokacin da aka buga irin wannan ƙararrawa ba abin da ya faru, matasa sukan rage amincewa da maganar dattawan Ikkilisiya, har ranar da haɗari na ainihi ya zo ba mai saurara.

Babban laifin wannan ra'ayi shi ne yana ba na'ura girman da ba ta da shi. Wanda ya ce aljani ne a cikinta da wanda ya ce hikimar sama ce a cikinta, dukansu sun yarda cewa akwai wani mai rai a ciki. Annabi Ishaya, a sura 44, ya ba da labarin masassaƙin da ya sare itace, ya hura wuta da rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, ya sassaƙa gunki da sauran rabin ya durƙusa masa. Annabin bai ce itacen yana da iko ba. Wautar mutumin ya nuna, wanda ya manta cewa hannunsa ne ya yi abin.

Ra'ayin Masu Cewa Kayan Aiki Ne Kawai

Ra'ayi na biyu ya fi yaɗuwa a cikin masu ilimin boko. Sukan ce kwamfuta kamar fartanya ce ko wuƙa: ba ta da kirki ba ta da mugunta, sai yadda mai ita ya yi da ita. Sukan tuna wa mutane cewa Ikkilisiya ba ta taɓa gudun sabuwar dabara ba. Littafi Mai Tsarki ne babban littafin da Gutenberg ya buga da injinsa a birnin Mainz wajen shekara ta 1455. Injin buga littafi ne ya sa cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya shiga hannun mutane a 1932. Gidan rediyon ELWA ya soma watsa bishara daga Laberiya a 1954. Daga baya aka yi kaset, aka yi majigi. Me zai sa a tsaya a nan?

Wannan magana tana da gaskiya mai yawa, kuma ta fi ta masu tsoro amfani. Na'urar tana iya taimakon mai fassara, ta nemo wa malami ayar da ta ɓace masa, ta karanta wa makaho rubutu, ta gyara lissafin baikon majami'a. Wanda ya ƙi waɗannan don taurin kai ya cuci kansa. Zamani riga ne.

Amma kwatancin fartanya yana da ɓaraka biyu. Ta fari, fartanya ba ta ɓoye maƙerinta. Wannan na'ura kuwa akwai gumin mutane a bayanta wanda mai amfani da ita ba ya gani. A watan Janairu 2023 mujallar Time ta bayyana cewa ma'aikata a ƙasar Kenya, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa, su ne suka riƙa karanta rubuce-rubuce na ƙazanta da kisa da cin zarafin yara suna sa musu alama, domin a koya wa ChatGPT ta guje musu. Kuma kamfanoni 'yan kaɗan ne, a ƙasashe 'yan kaɗan, suke yanke abin da za ta faɗa da abin da ba za ta faɗa ba. Abin da aka gina haka ba za a ce ba ruwansa da adalci ba.

Ɓaraka ta biyu ta fi girma. Fartanya ba ta cewa “ni”. Littafi da rediyo da kaset duka suna ɗauke da maganar wani, kuma ana iya bin sawu har a kai gare shi. Bayan wasiƙar Filibiyawa akwai Bulus, wanda ya rubuta ta yana ɗaure. Bayan muryar rediyo akwai mai wa'azi da suna da gida da ikkilisiyar da za ta iya kiransa ta tsawata masa. Wannan ita ce dabara ta fari da take ƙaga magana sabuwa, ta faɗe ta da bakin mutum, ba kuwa wanda ke tsaye bayan maganar.

Abin da ya faru a wata kotun birnin New York a 2023 ya nuna haka sarai. Lauyoyi suka miƙa takarda mai ambaton shari'o'i 6 na dā don ƙarfafa hujjarsu. Aka bincika, aka tarar ba a taɓa yin shari'o'in ba, ChatGPT ce ta ƙaga su har da sunaye da lambobi. Alƙali ya ci lauyoyin tarar dala 5,000. Na'urar ba a ci ta kome ba, gama ba ta da suna da zai ɓaci, ba ta da fuskar da za ta ji kunya. A watan Afrilu 2024 kuma wata ƙungiyar Katolika a Amurka mai suna Catholic Answers ta fito da siffar firist na kwamfuta, ta sa masa suna Fada Justin. Cikin 'yan kwanaki aka same shi yana magana kamar firist na gaske, har ya gaya wa wani cewa ana iya yi wa jariri baftisma da lemon kwalba na 'yan wasa. Ƙungiyar ta yi sauri ta tuɓe masa rigar firist. Ita ce ta sha kunyar.

Gargaɗin Mutumin Da Ya Ƙera Ta Fari

Ra'ayin da ya fi sauran nauyi ba daga bakin limamin coci ya fara fitowa ba. Joseph Weizenbaum Bayahude ne, an haife shi a Balin a 1923, iyalinsa suka gudu zuwa Amurka saboda mulkin Hitila. Ya zama malamin kimiyyar kwamfuta a makarantar MIT. A 1966 ya bayyana wata ƙaramar manhaja da ya rubuta, ELIZA, wadda take kwaikwayon likitan tunani. Dabararta ba ta taka kara ta karya ba: takan ɗauki maganar mutum ta juya ta ta zama tambaya. In ya ce yana baƙin ciki, sai ta tambaye shi me ya sa yake baƙin ciki.

Abin da ya biyo baya ya tsorata shi. Sakatariyarsa, wadda ta ga yadda ya gina manhajar da idonta, ta zauna tana hira da ita, jim kaɗan ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi magana a asirce. Waɗansu likitoci suka soma cewa irin wannan na'ura za ta iya duba masu ciwon tunani da yawa a lokaci ɗaya. Weizenbaum ya gane cewa haɗarin ba wayon na'ura ba ne. Haɗarin shi ne saurin da zuciyar ɗan adam take yi ta miƙa kanta ga duk abin da ya yi kamar yana saurara.

A 1976 ya buga littafinsa, Computer Power and Human Reason. Jigon littafin shi ne, tambayar ko kwamfuta za ta iya yin wani aiki dabam take da tambayar ko ya kamata a ba ta shi. Ya raba tsakanin lissafi da zaɓi. Lissafi aikin ƙa'ida ne, na'ura tana iya yinsa. Zaɓi kuwa aikin wanda ya yi rayuwa ne, wanda aka haifa, ya ji yunwa, ya ji tsoro, ya san zai mutu. Don haka ya ce akwai ayyukan da suke bukatar girmamawa da fahimta da ƙauna tsakanin mutum da mutum, kamar na alƙali da na mai ba da shawara ga wanda ke cikin damuwa, waɗanda bai kamata a miƙa wa na'ura ba ko da ta iya kwaikwayonsu. Abokan aikinsa da dama suka ji haushi. John McCarthy, wanda ya raɗa wa wannan fanni suna, ya rubuta sharhi mai zafi yana sukar littafin. Weizenbaum ya rasu a 2008, bai ga ChatGPT ba, amma kusan duk abin da ya hango ya zo.

Ikkilisiyar Katolika ta bi kusa da wannan hanya. Ran 14 ga Yuni 2024 Paparoma Francis ya yi wa shugabannin ƙasashen G7 jawabi a Italiya, ya roƙa a hana makaman da suke zaɓen wanda za su kashe da kansu. A watan Janairu 2025 fadar Batikan ta fitar da takarda mai suna Antiqua et Nova, wadda ta yi gargaɗi kada a ɗauki na'ura kamar mutum, kada kuma a mai da ita gunki. Paparoma Leo na 14, da aka zaɓa a watan Mayu 2025, ya ce ɗaya daga dalilan ɗaukar wannan suna shi ne tunawa da Leo na 13, wanda ya kare hakkin ma'aikata a 1891 lokacin da injuna suka sake fasalin duniya.

Inda Babu Makiyayi Fa?

Amma ra'ayin Weizenbaum ma yana da wurin da ya kamata a matsa shi. Shi malamin jami'a ne a ƙasar da likita da mai ba da shawara suke kusa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai ƙananan ikkilisiyoyi a karkara da sukan yi watanni ba su ga fasto ko firist ba. Akwai mai bi shi kaɗai a garinsu, wanda ba shi da wanda zai tambaya. Akwai matar da ke da damuwar da kunya ta hana ta faɗa wa kowa a unguwa. Ashe amsar na'ura ba ta fi shiru ba?

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma gwajin da aka yi a Suwizalan ya ƙara mata nauyi. Daga Agusta zuwa Oktoba 2024, a ɗakin sujada na Bitrus a birnin Luzern, aka sa kwamfuta mai siffar Yesu a cikin ɗakin furta zunubi. An faɗa wa mutane sarai cewa wannan ba furcin zunubi ba ne, kuma kada su faɗi asirinsu. Duk da haka aka yi hira wajen 900 da ita, a kan ƙauna da mutuwa da kaɗaici da wahala, da yawa daga waɗanda aka tambaya kuma suka ce abin ya taɓa su.

Sai dai a lura da abin da wannan ya tabbatar. Bai tabbatar cewa na'ura ta zama makiyayi ba. Ya tabbatar cewa mutane suna da ƙishin mai saurara, har sun yarda su zauna gaban allo. Wannan ƙara ce aka shigar a kan Ikkilisiya. Idan aka karɓi na'ura a matsayin maganin rashin makiyayi, ƙarshen abin a bayyane yake: majami'un birni masu kuɗi za su riƙe fastocinsu, a bar wa ƙauye da matalauci waya. Za a daina gaggawar horar da masu bishara da malaman katikisma, tun da an sami abin toshe ramin. Wanda ya fi kowa bukatar mutum shi za a fara hana wa mutum.

Ga kuma tushen al'amarin. Magana a cikin Ikkilisiya shaida ce, shaida kuwa sai da mai shaida. A Ezekiyel sura 33 Allah ya ɗora alhakin jinin jama'a a wuyan mai tsaron da ya ga takobi bai busa ƙaho ba. Yakubu sura 3 ta gargaɗi masu koyarwa cewa shari'arsu za ta fi tsanani. Bisharar Yahaya ta buɗe da labarin cewa Allah bai tsaya ga aiko da saƙo ba, Kalman da kansa ya ɗauki jiki ya zauna tare da mutane. Dattijuwar da ta binne 'ya'ya biyu, in ta gaya wa mai makoki cewa Allah mai aminci ne, kalmominta ba su fi na kwamfuta tsari ba, watakila ma ba su kai ba. Amma ta biya kuɗin maganar da ranta. Na'ura tana iya faɗin kalmomin nan ɗaya ba ta biya kome ba, gobe kuma ta faɗi kishiyarsu ga wanda ya nema.

Abin Da Ya Rage Ga Masu Bi

Daga wannan awo, hanya ta fito. Abin da yake na nema da tarawa da lissafi, a bar na'ura ta taimaka, amma a bi ta da bincike kamar yadda ake bin awon baƙon ɗan kasuwa. Kowace aya da ta ambata a buɗe Littafi a gani da ido. Kowane labari da ta bayar a nemi tushensa, gama hoton Paparoma Francis cikin farar rigar sanyi ta 'yan gayu, wanda ya zaga duniya a Maris 2023, na'ura ce ta ƙaga shi, mutane da yawa kuwa suka gaskata. Asirin wanda ya zo neman shawara kada a rubuta shi cikin waya, domin amana ce. Abin da yake na shaida kuwa, wato wa'azi da addu'a domin mara lafiya da sulhunta miji da mata da zaman makoki, wannan sai mutum, mai suna, wanda za a iya zuwa ƙofar gidansa ran Litinin a tambaye shi abin da ya faɗa ran Lahadi.

Akwai kuma darasi mai ɗaci ga masu wa'azi. Idan na'ura za ta iya maye gurbin wa'azin mutum ba wanda ya lura, to, tun dā wa'azin nan ba shi da mai shi. Wa'azin da bai san an yi fari a bana ba, bai san wa ya rasa ɗa ba, bai san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, kwamfuta za ta yi irinsa, ta ma fi shi tsari. Makiyayin da ya san tumakinsa da sunansu ba shi da abin tsoro daga gare ta.

Allah ya ba Ikkilisiyarsa hikimar rarrabewa, ya kuma tashe ma'aikata masu tsayawa bayan maganarsu. Amin.